Bayar da guraben zaɓe da matasa domin samun gwani a gasar NHL: dabara ce ko sayar da iri?

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'a. Ina da tambaya a kan wani wasa da na san mabiyansa ba su da yawa a nan Damagaram, wato ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wanda ake kira hoki. Yayana da ke karatu a Montreal ne ya jawo ni cikinsa, tun yana turo mini gajerun bidiyo ta WhatsApp har na kai ga tashi da ƙarfe ɗaya na dare domin in bi wasannin Canadiens, ƙungiyar birnin Montreal da ke buga gasar NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, da yake ana samun sharhinsu da Faransanci.

Abin da ya haɗa mu gardama da shi shi ne cinikin da Montreal ta yi a watan Yuni na 2025. Ta ba ƙungiyar New York Islanders gurabenta biyu na zagayen farko a zaɓen matasa na shekarar, na 16 da na 17, ta haɗa da wani matashi mai suna Emil Heineman, ta karɓi ɗan wasan baya Noah Dobson, wanda ya sa hannu a yarjejeniyar shekara 8 a kan dala miliyan 9.5 kowace shekara. Yayana ya yi murna ƙwarai. Ni kuwa raina bai kwanta ba, domin na ga ƙungiyar ta yi shekaru tana shan kashi tana tara matasa, irin su Juraj Slafkovský da Lane Hutson, kuma da haƙurin ya fara haifar da ɗa mai ido sai ga shi an ɗebi abin da ke rumbu an kai kasuwa. A ƙwallon ƙafa da muka saba, mai kuɗi yakan biya ya ɗauki wanda yake so, ba ya taɓa makarantar horon yaransa. A nan kuwa mutum uku aka bayar domin mutum ɗaya. Ina roƙon wanda ya san tsarin ya fahimtar da ni dalilin da ke sa masu hankali su yi irin wannan musaya, kuma ya gaya mini ko tarihi yana bayan mai bayar da gwani ne ko mai karɓarsa.

Malamin Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka tana da kyau, amma kafin a yanke wa cinikin hukunci dole a fara ajiye ma'aunin ƙwallon ƙafa gefe, domin dokokin kasuwar biyu ba ɗaya ba ne.

A gasar NHL ƙungiyoyi 32 ne, 7 a Kanada, 25 a Amurka, kuma babu wadda ke da ikon tara yara tun suna ƙanana ta ce nata ne. Duk matashin da ya cika shekara 18 yana shiga zaɓen da ake yi a ƙarshen watan Yuni, zagaye 7, kowace ƙungiya da gurbi ɗaya a kowane zagaye. Waɗanda suka fi shan kashi su ke fara zaɓa, bayan an jefa ƙuri'a tsakanin ƙungiyoyi 16 da suka kasa shiga wasannin fitar da gwani. Wannan gurbin kuwa dukiya ce da ake iya bayarwa, ko na bana ne ko na baɗi ko na shekara uku masu zuwa. Abu na biyu shi ne iyakar albashi. Bayan rikicin da ya hana a buga kakar 2004 zuwa 2005 gaba ɗayanta, an sa doka cewa jimillar albashin ƴan wasan ƙungiya ba za ta wuce wani adadi ba. An fara da dala miliyan 39, a kakar 2025 zuwa 2026 adadin ya kai miliyan 95.5. Tun 2005 ɗin kuma aka hana sa tsabar kuɗi a cikin musaya. Saboda haka ko Montreal tana da kuɗin da ya kai yashi yawa, ba za ta iya sayen Dobson da su ba. Abin da kasuwar ke karɓa uku ne kawai: ɗan wasa, matashin da aka riga aka zaɓa ana jiran ya nuna, da gurbin zaɓe.

To, me gurbi yake daraja? A nan ne mutane da yawa suke kuskure, domin sukan ji an ce zagayen farko su ɗauka duk abin da ke cikinsa zinariya ne. Gurbi na 1 ko na 2 ko na 3 yakan fitar da wanda zai riƙe ƙungiya shekara goma sha, kodayake ko a can ana faɗuwa, kamar yadda Edmonton ta gani da Nail Yakupov wanda ta zaɓa na farko a 2012. Amma daga an gangara zuwa tsakiyar zagayen, darajar tana sauka da sauri. Yaron da aka zaɓa na 16 yakan koma ƙaramar gasa ko jami'a ko ƙasarsa a Turai ya yi shekara biyu, uku, wani lokaci huɗu, kuma a cikinsu akwai waɗanda ba za su taɓa zama cikakkun ƴan wasan NHL ba. Cinikin biri a sama ne. Dobson kansa an zaɓe shi na 12 a 2018, wato shi ne irin sakamakon da mai gurbi na 16 yake fata ya samu idan komai ya tafi daidai, kuma ya riga ya tara maki 70, wato jimillar ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci, a kakar 2023 zuwa 2024 yana ɗan wasan baya. Montreal ta ba da fata biyu ta karɓi tabbas ɗaya mai shekara 25.

Ba zan ɓoye maka abin da ake asara ba. Matashin da ya shigo gasar yana kan yarjejeniyar farko ta shekara uku, wadda albashinta bai wuce kimanin dala miliyan 1 ba, ban da ladan ƙwazo. A gasar da Leon Draisaitl, tauraron Edmonton, shi kaɗai ke karɓar miliyan 14 a shekara, yaron da ke buga wasa mai kyau a kan miliyan 1 shi ne yake ba ƙungiya sararin biyan manyanta. Duk wanda ya sayar da gurabensa ya sayar da wannan arahar ce, kuma bayan shekara huɗu ko biyar zai ji a jikinsa. Abin da nake dubawa a kowane ciniki shi ne shekarun wanda aka karɓa da tsawon yarjejeniyarsa. Idan ya yi daidai da shekarun sauran ginshiƙan ƙungiyar, yadda za su kai ganiyarsu tare, ina goyon baya. Nick Suzuki da Cole Caufield sa'o'in Dobson ne, saboda haka a wannan karon ina tare da yayanka.

Mai Turke na Mirya ya amsa:

Malam, Allah ya ƙara basira, bayaninka ya fito da tsarin sarai. Amma akwai wani lungu da ka wuce da sauri, kuma a wurina shi ne zuciyar maganar. Ka ce gurbi na 16 ba shi da darajar na 2, wannan gaskiya ne. Sai dai Montreal ta yi cinikinta ne a ranar zaɓen, ta san lambar abin da take bayarwa. Haɗarin yana wurin wanda ya ba da gurbin shekara mai zuwa, domin farashin wannan gurbin bai tsaya ba tukuna, kuma abin da zai tsayar da shi shi ne wasan ƙungiyar da ta bayar. Idan gwanin da ka saya ya ɗaga ka, ka biya kaɗan. Idan ya kasa, ko ya ji rauni, ko sauran suka gaza, ka faɗi ƙasan teburi kuma wani ne zai ci ladan faɗuwarka. Wato a ranar da ka fi bukatar magani, ranar ce za ka tarar ka riga ka sayar da shi.

Toronto ta sha wannan a 2009. Shugabanta na lokacin, Brian Burke, ya ba Boston gurabe biyu na zagayen farko da ɗaya na zagaye na biyu domin Phil Kessel, matashi mai shekara 21 da ya ci ƙwallo 36 a kakar da ta gabata. Kessel bai yi laifi ba, ya ci ƙwallaye a Toronto shekara da shekaru. Laifin yana wurin kimanta ƙungiyar, domin an ɗauka ta kusa, alhali ta yi nisa. Ta gama ta 29 cikin 30, gurbinta ya zama na 2 a 2010, Boston ta ɗauki Tyler Seguin da shi, ta kuma ɗauki Dougie Hamilton da na 9 a shekarar da ta biyo. A 2011 Boston ta ɗaga kofin Stanley, wato kofin zakaran gasar, da Seguin a cikinta. Kessel kuwa sai da aka mayar da shi Pittsburgh a 2015, inda ya tarar da taurarinta Sidney Crosby da Evgeni Malkin, sannan ya ci kofin sau biyu a jere, 2016 da 2017. Mutumin ɗaya ne, gidan da ya shiga ne ya bambanta.

Haka San Jose ta yi a 2018 da Erik Karlsson. Shekarar farko ta kai wasan kusa da na ƙarshe, aka ce ciniki ya yi kyau, aka ba shi yarjejeniyar shekara 8 ta dala miliyan 92. Shekara ta biyu ƙungiyar ta rushe, gurbin da ta ba Ottawa ya zama na 3 a 2020, wato Tim Stützle, ban da Josh Norris da aka riga aka haɗa a cikin kayan. Ita Ottawa ɗin ma ta taɓa faɗawa ramin nan, domin gurbin da ta ba Colorado a cinikin Matt Duchene na 2017 ya zama na 4 a 2019.

Ni mai kiwo ne, kuma na taɓa yin irin wannan lissafin da hannuna. Wata shekara na sayar da karsana biyu na sayi sa ɗaya na huɗa, ina ganin damina za ta mayar mini da abin da na fitar. Ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai yi ido ba, dole na sayar da san da rani a farashin da ba na son tunawa, kuma karsanan nan suna hannun wanda ya saya suna haihuwa. San ba shi da aibi, gonata ce ba ta kai matsayin da zai amfane ta ba. Tun daga nan, duk lokacin da na ji ƙungiya ta ba da gurbin baɗi, tambayar da nake yi ita ce ko ta sa sharaɗin kariya, wato idan gurbin ya faɗo cikin goma na farko ta riƙe abinta ta ba da na shekarar gaba. Yawancin shugabanni sun koyi yin haka yanzu, kuma wahalar irin su Toronto ce ta koya musu.

Babban misali kuwa har gobe shi ne na Eric Lindros. Quebec ta zaɓe shi na farko a 1991, ya ƙi buga mata. A 1992 Philadelphia ta ba da ƴan wasa shida, cikinsu har da wani matashi ɗan Suwidin mai suna Peter Forsberg, da gurabe biyu na zagayen farko, da dala miliyan 15, domin a lokacin ba a hana kuɗi ba. Lindros ya zama gwarzon gasar a 1995, ya kai su wasan ƙarshe a 1997 inda Detroit ta doke su wasa huɗu a jere, sannan raunukan kai suka rage masa ƙarfi. Quebec ta koma Denver ta zama Colorado, ta ci kofi a 1996 da 2001. Mai tsaron ragar da ta zaɓa da ɗaya daga cikin guraben nan, Jocelyn Thibault, yana cikin waɗanda ta ba Montreal ta karɓi Patrick Roy, shahararren mai tsaron ragar da ya ci mata kofunan biyu. Philadelphia kuwa rabonta da kofin tun 1975.

Ɗiyar Garin Malam ta amsa:

Ina gaida iyayena da yayyena. Ina karatu a Kanada, kuma a nan ba a iya kauce wa wannan magana, ko a motar haya ko a wurin aiki. Baba Mai Turke, misalanka duka gaskiya ne, amma ka zaɓo waɗanda suka ƙone ne kawai, kuma ina jin tsoron ƙanenmu ya tashi da fahimtar cewa riƙe gurabe shi ne hanyar tsira. Idan aka duba waɗanda suka ci kofin a shekarun nan, akasin haka ake gani.

Vegas ta shigo gasar a 2017 ta zaɓi matasa uku a zagayen farko, kuma dukansu ta bayar da su daga baya. Erik Brännström ya tafi Ottawa a 2019 domin Mark Stone. A watan Nuwamba na 2021 ta ba Buffalo Alex Tuch da Peyton Krebs da gurabe biyu domin Jack Eichel, mutumin da a lokacin yake jiran tiyatar wuya, ba wanda ya tabbata zai dawo yadda yake. A 2023 ta ɗaga kofin, shekara shida kacal da kafuwarta, Stone yana kyaftin ya ci uku a wasan ƙarshe, Eichel kuma ya fi kowa maki a wasannin fitar da gwani. Tampa Bay, bayan ta ci wasa 62 a kakar 2018 zuwa 2019 amma Columbus ta fitar da ita a zagayen farko ba ta ci ko wasa ɗaya ba, ta ba da gurabe biyu na zagayen farko a watan Fabrairu na 2020 domin Blake Coleman da Barclay Goodrow. Waɗannan ba ma taurari ba ne, masu aikin ƙarfi ne da albashinsu ba shi da yawa, kuma mutane da dama sun ce an yi tsada. Ta ci kofi a 2020 da 2021. Florida ta yi irin haka da Matthew Tkachuk a 2022, ta ƙara da Seth Jones da Brad Marchand a watan Maris na 2025, ta ci biyu a jere, 2024 da 2025.

Dalilin a fili yake. Ƙungiyar da ke saman teburi gurbinta yana kusa da na 30, kuma yaron da za ta samu da shi ba zai iso ba sai manyanta sun tsufa ko iyakar albashi ta tarwatsa su. Tampa ɗin nan, a bazarar 2021, ta rasa Coleman da Goodrow saboda ba ta da sararin biyansu. Lokacin da ake da shi gajere ne, kuma shugaban da ya ƙi kashe gurbi a irin wannan lokacin yana zaluntar ƴan wasan da suka ba shi ƙuruciyarsu. A gefe guda akwai Buffalo, wadda ta yi shekaru fiye da goma tana tara gurabe masu kyau ba ta shiga wasannin fitar da gwani ba, har yaran da take zaɓa suka saba da shan kashi. Tara matasa ba ya gina ƙungiya idan babu manyan da za su koya musu yadda ake cin wasa.

Amma akwai irin cinikin da ni ma ba na yarda da shi, wato ba da matashin da aka riga aka ga alamarsa domin dattijon da zai yi wata biyu ko shekara ɗaya. A 2013 Washington ta ba Nashville Filip Forsberg, wanda ta zaɓa na 11 shekara guda kafin nan, ta karɓi Martin Erat mai shekara 31. Erat ya ci mata ƙwallo 2 kacal kafin ya tafi, Forsberg kuwa ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin Nashville. Bambanci ne babba tsakanin gurbi, wanda lamba ce a takarda, da yaron da masu bincikenka suka riga suka gani da idonsu. Ƙanena Ɗan Birni, ka tuna kuma cewa kyaftin ɗinku Suzuki ta wannan hanyar ya zo muku, domin Vegas ce ta ba da shi a 2018 ta karɓi Max Pacioretty. Ƙungiyarku ta ci ribar zama mai sayar da gwani a lokacin da ya dace, yanzu kuma ta juya ta zama mai saye.

Malamin Lissafi ya ƙara:

Ɗiyata, kin kawo abin da na bari. Zan ƙara misali ɗaya domin kada a ɗauka dole sai wani ya yi kuka. A watan Disamba na 1995 Dallas ta ba Calgary wani yaro da ta zaɓa watanni kaɗan kafin nan, Jarome Iginla, ta karɓi Joe Nieuwendyk. Dallas ta ci kofinta a 1999, Nieuwendyk ne aka ba kyautar gwarzon wasannin fitar da gwani. Iginla ya zama kyaftin na Calgary, ya gama wasa da ƙwallo 625. Kowa ya samu abin da ya je nema, domin agogon ƙungiyoyin biyu ba ɗaya ba ne. Alhaji Mai Turke, a kan batun gurbin baɗi ba tare da kariya ba kuwa, ba ni da ja, gaskiyarka ce.

Ɗan Birni ya dawo:

Na gode ƙwarai, Malam, Baba, da Yaya. Na fahimci cewa na haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne, domin Montreal ta san lambar guraben da ta bayar, kuma ba ta taɓa Hutson ko Slafkovský ba. Wannan ya rage mini damuwa, kuma zan kira yayana in gaya masa. Amma ban sauka gaba ɗaya ba. Ƙungiyoyin da Yaya ta ambata duka sun riga sun kai bakin kofi kafin su fara zubar da gurabe, mu kuwa a 2025 da ƙyar muka shiga wasannin fitar da gwani, Washington ta fitar da mu a wasa biyar. Tsoron da nake yi shi ne kada nasarar wannan cinikin ta buɗe ƙofar na biyu da na uku, a wayi gari an ba da gurbin shekara mai zuwa domin wani mai shekara 32 saboda magoya baya sun gaji da jiran kofi tun 1993. Malam, idan ka samu lokaci, ina so ka yi mana bayanin yadda ake riƙe rabin albashin ɗan wasa a cikin musaya, domin na ga ana biyan wannan ma da gurbi, kuma ban gane yadda ake lissafa farashinsa ba.